Mai Yankan Farce da Ƙasar da Take Tafiya

Idan ka ji ƙas-ƙas-ƙas daga bakin layinmu da hantsi, ba sai ka leƙa ba, Monita ne. Almakashinsa yake kaɗawa, ita ce tallarsa, bai taɓa ɗaga murya ya ce a zo a yanke farce ba. Dogo ne siriri, ya ɗan ranƙwafa, da 'yar jakar fata a rataye wadda ta sha faci har ba ka gane asalin launinta. A ciki akwai almakasai, da 'yar aska, da kwalbar ruwan sabulu, da guntun soso, da farin tsumma da yake shimfiɗawa a gwiwarsa. Kayan aikin ke nan gaba ɗaya.

Ba shi ya raɗa wa kansa Monita ba, Babanmu ne. Baba malamin labarin ƙasa ne, ya yi shekaru yana koyarwa a sakandare har ya yi ritaya. Makaranta ta sallame shi, amma shi bai sallami makaranta ba. Ka ce masa ana zafi yau, sai ya gyara zama ya fara yi maka bayanin inda rana take tsaye. Ni da autanmu tun muna yara muka ƙware a gudu. Da mun ga ya ɗauko tsohuwar taswirarsa mai naɗi, kowa sai ya tuna da wani aiki da ya bari a wuta. Mama, Allah ya ji ƙanta, ita ce mai haƙurin zama, ita ma gyangyaɗi take yi.

To, mai yankan farce ba shi da hanyar gudu. Hannunka yana cikin nasa, sai ya gama yatsu goma na sama ya sauka na ƙasa. Baba ya samu ɗalibin da ba ya neman izinin fita. Abin da ba mu zata ba shi ne, mutumin nan so yake yi. Bai taɓa shiga aji ba. Ya shigo gari yana saurayi, ya yi dako a kasuwa har bayansa ya ƙi, ya yi turin ruwa a kura har gwiwa ta ƙi, sannan wani dattijo da suke haya gida ɗaya ya ba shi almakashi ya nuna masa yadda ake riƙe yatsan mutum. Da wannan almakashin ya yi aure, da shi ya aurar da 'ya'yansa mata. Ya taɓa ce min duk sana'ar da ya yi a baya jikinsa take ci, wannan ce kaɗai ta bar masa kunne a buɗe.

Ranar da Baba ya gaya masa cewa ƙasar da muke takawa tafiya take yi, ina tsakar gida ina shanya. Na ji Baba yana cewa, "Duk nahiyoyin nan da kake gani a warwatse, da can dunƙule suke wuri guda, ƙasa ɗaya, teku ɗaya ya kewaye ta. Sannu a hankali ta tsage, kowane ɓangare ya kama gabansa. Har yanzu ba su tsaya ba."

"Yanzu haka, Malam? Muna zaune?"

"Yanzu haka. Ka san saurinsu? Daidai yadda farcen nan da kake yankewa yake tsirowa."

Almakashin ya tsaya. Mutumin ya ɗauki ɗan guntun farcen da ya faɗo a tsumma, ya ɗora a tafin hannunsa yana kallo, ya ce, "Ashe ni nake auna duniya ban sani ba." Baba ya yi dariya har da tari, ya ce daga yau ya naɗa shi monitan aji. Sunan ya bi shi har garejin bakin titi.

Don kuwa bai riƙe karatun a cikinsa ba. Duk inda ya tsuguna sai ya juye shi: garejin makanikai, rumfar mahauta, shagon mai wanki da guga. Mako na zagayowa ya dawo wa Baba da gardamar mutane. Babban bakanike ya ce in da gaske ƙasa na tafiya, me ya sa kullum ya buɗe ƙofa sai ya ga gidan surukarsa yana nan inda yake? Mahauci kuma, da ya ji labarin manyan ƙadangarun da suka rayu kafin a yi mutane, waɗanda wuyan ɗayansu ya fi ginin bene, tambayarsa ɗaya ce: ta ina ake fara feɗe su? Baba yakan zauna ya shirya amsa kamar mai shirya jarrabawa, ya sa Monita ya maimaita har sai ya zauna daidai, don ba ya yarda a kai maganarsa waje a karkace. Akwai wata 'yar dabba da Baba yake ji da ita fiye da sauran, mai kama da kada, ba ta fi ƙaramin yaro tsawo ba. An tono ƙasusuwanta sun zama dutse a kudancin Afirka, an kuma tono irinsu a Amurka ta Kudu, ga teku shimfiɗe a tsakani. Dabbar tafki ce, ba ta da ƙarfin ƙetare teku. Saboda haka, in ji Baba, ba ita ta yi tafiya ba, ƙasar ce ta rabe a ƙarƙashinta.

Haka suka yi shekaru. Sai wata safiya Baba yana shan shayi kofin ya suɓuce daga hannunsa.

Hawan jini ne ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Da muka dawo daga asibiti na bar ɗakina na haya na dawo gida gaba ɗaya, da safe in tafi ofis inda nake buga takardu, autanmu ya zauna da shi, da yamma in karɓe shi. Farkon dawowarmu Baba yana ƙoƙari. Kalma takan fito a murɗe, amma tana fitowa. Sai 'yan dubiya suka fara zuwa. Kai, 'yan dubiya! Wata rana ɗakin ya cika da tsofaffin abokan aikinsa da matansu, Baba ya buɗe baki zai amsa gaisuwa, maganar ta maƙale, miyau ya zubo ta gefen bakinsa. Kowa ya zuba masa ido. Wata mata ta dafa ƙirji ta ce, "Allah sarki, Malam mai baki kamar rediyo, yau shi ne haka?" A gabansa ta faɗa, kamar ba ya ɗakin. Da ba don girman furfurarta ba, wallahi da ta ji abin da ba ta taɓa ji ba. Baba ya rufe bakinsa, ya juya fuska bango.

Daga ranar bai sake cewa uffan ba. Ba a'a, ba i, ba ko sunana. In yana son ruwa ya nuna da hannun hagu. Ma'aikaciyar asibiti da take koya wa irinsu magana, mace mai kirki da haƙuri, ta zo gida ta gwada duk dabararta, da hotuna da madubi, ya ƙi ko kallonta. Ta ja ni waje ta ce, "Maganar tana nan, ba ta tafi ba. Amma sai ya yi ta gwadawa. Duk watan da ya wuce bai gwada ba, hanyar tana ƙara toshewa, kuma akwai lokacin da zai zo ya so ya kasa." Na roƙe shi. Na yi masa kuka. Na yi masa faɗa, ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba, na ce Baba girman kai ne wannan ba ciwo ba. Ya kalle ni kawai. Mutumin da muka yi ƙuruciyarmu muna gudun surutunsa, ga ni ina neman kalma ɗaya ido rufe. Tsoro nake ji, tsoron kada ya mutu ban sake jin muryarsa ba.

Na hana kowa shiga, har Monita. Duk mako zai tsaya a ƙofar gida ya kaɗa almakashi sau ɗaya, ya ce, "'Yar Malam, ya mai jiki? A gaishe shi." In ce zai ji. Ya wuce.

Hannun ne ya sa na kira shi. Hannun daman Baba ya dunƙule ƙam, yatsun sun naɗe cikin tafi, faratan suka yi tsawo suka fara huda fata. Na gwada yankewa da kaina, na ɓamɓare yatsa ɗaya da ƙarfi, Baba ya zabura, na yanko nama. Ganin jinin nan na ajiye komai na fita bakin layi ina jiran ƙas-ƙas.

Ya cire takalmi ya shiga da sallama. Bai ce Allah sarki ba, bai ce sannu da jiki sau goma ba. Ya ce in kawo ruwan ɗumi a roba, da almakashin Baba na kansa da yake ajiye a gwangwani. Ya tsoma hannun a ruwa ya bar shi, yana murza bayansa da babban yatsa, bai ja komai ba. Da kansa ƙaramin yatsan ya ɗan saki, ya zura soso a ƙarƙashinsa, ya yanke, ya koma na gaba. Ina tsaye a bakin ƙofa na lura da abin da na sha gani ban taɓa kula ba: mutumin nan ba ya ɗaga kai in yana aiki. Dattijon da ya koya masa ne ya gargaɗe shi, wai mai almakashi in ya kalli fuska sai ya yanki nama. Tun da ya tsuguna har ya tashi, idonsa yana kan farce.

"Malam," ya ce da hannun, "mun tsaya a ina ne? To, tunda ba sabon darasi, bari in yi bita."

Ya kawo karatun tiryan-tiryan, ƙasa ɗaya, teku ɗaya, tsagewa, tafiya. Baba yana kallon silin. Monita ya gama ya naɗe tsummansa ya ce sai mako mai zuwa. Na ce a raina, to, an dai yanke farce.

Mako na biyu bitar ta fara lalacewa. Na ji yana cewa wai rana ɗaya ƙasar ta tsage, bayan la'asar, mutane na tsaka da cin kasuwa, mai saye ya tafi da wannan ɓangare, mai sayarwa ya tafi da wancan. Na ga girar Baba ta hagu ta motsa. Mako na uku ya ce mutanen zamanin da har sirdi suke ɗaura wa manyan ƙadangarun nan su je gona. Baba ya ja numfashi ta hanci, irin wanda yakan ja in ya ga an rubuta shirme a takardar jarrabawa. Ni kuwa haushi ya kama ni. Na ce, "Haba Kawu Monita, ko ni na san ba haka ba ne. Kana ƙara masa ɓacin rai."

Bai ɗago ba. Ya ce, "'Yar Malam, ba ajinku ba ne wannan."

Ka ji min mutum! A gidan ubana. Na yi ƙwafa na koma kicin, ina cewa wannan ne zuwansa na ƙarshe. Amma farce ba ya jin fushin kowa, tsirowa yake yi, dole na bar shi ya dawo.

Ranar da abin ya faru, hantsi ne, na ɗauki hutu daga ofis, ina ninke wanki a bakin ƙofar ɗakin. Ya tsoma hannun a ruwa kamar kullum, ya ce, "Malam, jiya an yi gardama a gareji kan 'yar dabbar nan taka mai kama da kada. Babban bakanike ya ce yaya aka yi aka same ta nan aka same ta can. Na ce masa ai iyo ta yi. Ta faɗa teku ta yi ta iyo har ta ƙetare, ta haihu a can. Ya ce ƙarya ne. Na ce kai, ka iya bakinka, Malam ne da kansa ya faɗa min. Duk garejin suka ce tunda Malam ne ya faɗa, shi ke nan."

Gadon ya yi ƙara. Baba ya buga katifa da hannun hagu. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, mai kauri, ba kalma ba. Na saki rigar da ke hannuna zan shiga, Monita ya ɗaga min yatsa ɗaya ta baya, kansa na ƙasa.

"Yau ma zan bi ta rumfar mahauta in gaya musu," ya ce.

"A… a'a."

Na jingina da ƙyaure.

"Na'am, Malam? Kunnen nan nawa ya fara nauyi."

"A'a! Ƙar… ya."

"Ƙarya kuma? To ba iyo ta yi ba?"

Bakin Baba ya karkace, miyau yana zuba har kan wuyan rigarsa, jijiyar goshinsa ta tashi. Da ni ce a gabansa da na riga na kai hannu da tsumma, da na ce ya isa Baba, huta. Monita bai gani ba, ko kuwa ya ƙi gani. Yana ta goge gefen babban yatsa da 'yar askarsa. Babu ido ko ɗaya a kan bakin Baba, ni ma na mayar da nawa kan wanki.

"Taf… ki," in ji Baba. "Dab… bar taf… ki."

"Au, tafki! Ka ga mantuwa. To in ba ta yi iyo ba, wa ya kai ta?"

Baba ya ɗauki lokaci mai tsawo. Ruwan roba ya huce. Kalmomin suna fitowa ɗaya-ɗaya, wata ta karye ya sake ɗaukowa, amma sai da ya kai ƙarshe: ƙasa ce ta rabe. Ya ƙara da wata kalma da na tabbata "daƙiƙi" ce. Monita ya ce, "Na karɓa, Malam," ya ci gaba da aikinsa.

Na tare shi a zaure zai fita. Na ce, "Kawu, tsakaninka da Allah, da gangan ka yi?"

Ya gyara jakarsa. "Na kasuwa da na sirdi, da gangan ne. Na dabbar nan ma haka. Amma ban je gareji na faɗi komai ba, kada ki gaya masa." Sannan ya ce, "Shekara nawa yana gyara min magana, ko wasali na karkatar sai ya sa na sake. Na ce mutumin nan zai iya haƙura da ciwo, zai iya haƙura da yunwa, amma a yi ƙarya da sunansa a gareji? Hali zanen dutse ne, 'yar Malam."

Na riƙe hannunsa da hannuwana biyu, hannu mai kaushi yana ƙanshin sabulu, na ce Allah ya saka, Allah ya raya zuri'a, Allah ya sa ka gama lafiya. Har yau in na tuna mutumin nan sai na yi masa addu'a, kuma ko zan yi ta yi har in mutu ban biya shi ba.

Ma'aikaciyar asibiti ta yi murna ƙwarai, ta dawo da hotunanta, ta kuma koyi zama a gefensa maimakon gabansa. Baba ya fara ba ta haɗin kai kaɗan-kaɗan. Monita ya koma zuwa sau biyu a mako, ko babu abin yankewa sai ya tsuguna ya yi ta gyaran gefen farce yana kwaɓa karatu ana gyara masa. Amma ni, ko kalma. Da na shigo ɗakin sai bakin ya rufe. Ni mai wanka, ni mai juya shi, ni mai ba shi abinci a baki, sai nuni da hannu. Na san kunya ce, ba ya so 'yarsa ta ji shi haka. Sanin bai hana abin ci min rai ba. Kishin mai yankan farce nake yi, ba na ɓoyewa.

Ban gaya wa Monita ba, amma mai zama a ƙasa yana ganin ƙafafun da suke tsayawa a bakin ƙofa. Wata ranar ya gama aiki, ya naɗe tsumma, ya miƙe har ya sa takalmi ɗaya, sai ya ce, "Af, Malam, na manta. Mai guga ya aiko ni. Wai ya ji an ce ana samun ɓawon dodon koɗi na teku a kan duwatsu mafi tsawo a duniya, yana so ya san wa ya hau da su. Yau sauri nake, jikata ba lafiya. Ka gaya wa 'yar Malam, gobe in biyo in karɓa a wurinta." Kafin Baba ya yi motsi ya fice, sai ƙas-ƙas muka ji yana nisa.

Na ɗauki robar ruwan zan fita, don kada in takura shi.

"Zau… na."

Na ajiye robar. Na zauna a bakin gado na ba shi gefe, na kafa idona a kan yatsun ƙafata, yadda na ga ana yi.

Ya fara. Wani yanki na ƙasa ne, ya ce, ya yi ta tafiya har ya yi karo da wani. Ƙasan tekun da ke tsakaninsu ya naɗe ya yi sama. Kowace kalma sai ya yi kokawa da ita, ni kuma ina gyaɗa kai, karo na farko a rayuwata ina sauraron darasin Baba har cikin raina. Ya kai wajen duwatsun sai ya tsaya. Na jira. Na zaci kalmar ce ta maƙale.

Sai na ji hannunsa na hagu a kan wuyan hannuna.

"Uwa… ta," ya ce. "Ina… jin ki. A ki… cin. Ki dai… na kuka."

Na ce, "To, Baba." Sannan na kifa kaina a kan gwiwarsa na yi wanda ya fi na kicin ɗin.